Tallafin taki: wa ke rubuta sunayen, kuma yaushe buhun ke isa gona?

A daminar bara na tsaya a ƙofar gidan mai unguwa a ƙauyenmu ana rabon takin gwamnati. Buhu ɗaya aka kwance a kan tabarma, magidanta takwas sun kewaye shi, ana auna musu da tiya. Wani dattijo da ke ciyar da mutum goma sha biyu daga gonarsa ya ƙulle rabonsa a leda ya rataya a keke. Watan Agusta ne, masara ta riga ta yi goyo. Ko buhun aka ba shi gaba ɗaya, lokacin zuba takin kamfa ya wuce tuni.

Ba na cikin masu cewa a soke tallafin noma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin huɗa da na ban ruwa da na dakon amfani suka yi tashin gwauron zabi, ƙaramin manomi ba zai iya shi kaɗai ba. Damuwata ita ce sunayen da ake rubutawa, da kuma ranar da kayan ke sauka.

An taɓa gwada gyara. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fito da tsarin tallafin taki mai suna GES: manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Adesina da bakinsa ya ce kafin nan kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ke ganin takin tallafi. Tsarin ya sha fama da rashin sabis a ƙauyuka da bashin dillalai da gwamnati ta tara, amma ya nuna cewa ana iya tsallake 'yan tsakiya.

Sai Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin tallafa wa manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Babban Bankin Najeriya ya zuba sama da naira tiriliyan ɗaya, shinkafa ta samu a Kebbi da Jigawa, har aka yi dalarta a Abuja a Janairun 2022. Amma bashi ne, da yawa kuma suka ɗauke shi rabon arziki. Manoman takarda, waɗanda ko kotar fartanya ba su taɓa riƙewa ba, suka shiga layi ta hannun ɗan siyasa ko shugaban ƙungiya, suka karɓi taki da injin ban ruwa, washegari kayan na kasuwa. Manomin gaske kuma ya koma wurin ɗan kasuwa ya ci bashin taki da sharaɗin biya da hatsi idan kaka ta yi, lokacin da farashi ke ƙasa.

A ƙauye ba a ɓoye gona. Kowa ya san wanda ke fita da sassafe da wanda ya jinginar da tasa. Don haka a rubuta sunaye tun da rani, a karanta su a bainar jama'a ranar kasuwa, a manna takardar a bango, malamin gona ya taka ya ga kowace gona da idonsa. A sa matan da ke noman gyaɗa da wake da sunansu, ba ta hannun miji ba. Taki kuma ya isa ma'ajiyar ƙaramar hukuma a watan Afrilu, kafin ruwan shuka. Gwamnan da ke jiran ranar da zai samu sukunin bikin ƙaddamarwa kafin a buɗe sito, ya sani cewa masara na son takin farko cikin mako biyu zuwa uku da shuka, na biyun kuma kafin ta kai mako bakwai.