Rokar kwali a Amurka, motar kara a gida

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwanmu mazauna nan Amurka idan aka ga yara na harba ƙananan rokoki a fili: wai su da kimiyya aka haife su, mu kuwa namu kallo ne. Ni dai ban yarda ba. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san yaron unguwa da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, har da sitiyarin da ke juya tayoyi. Basira ba ita muka rasa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun samo wa wasa mai haɗari hanyar da hukuma ta sani, iyaye kuma suka aminta da ita.

Rokar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce. Bututun kwali ne, tsawonsa kamu ɗaya ko biyu, da hancin roba da fikafikai na katako marar nauyi. Ƙa'idar ƙungiyar masu harba irin waɗannan rokoki ta hana yin gangar jikin da ƙarfe. Injin kuwa bai fi yatsa ba, a kanti ake sayensa, sau ɗaya ake amfani da shi a yar. A jikinsa za ka ga rubutu irin C6-5. Harafin shi ke nuna jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi ya ninka na gabansa, wato B ya ninka A, C ya ninka B. Lamba ta farko matsakaicin turin da yake yi ce, ta biyun kuma daƙiƙoƙin da zai jira bayan wutar ta ƙare kafin ya tunkuɗo laimar saukowa. Ba a kunna shi da ashana. Waya ake ja daga batir, kowa ya ja baya aƙalla ƙafa 15, a ƙirga daga biyar zuwa ɗaya da ƙarfi, sannan a danna. Idan iska ta wuce mil 20 a awa, kowa ya tattara kayansa.

A filin da nake zuwa kallo na taɓa tsayawa kusa da wata yarinya da ba ta wuce firamare ba. Ta shimfiɗa laimar leda a cinyarta, ta barbaɗa mata hodar jarirai don kada ta manne, ta ninke ta a tsanake, ta cusa wata takarda da ba ta cin wuta a tsakanin inji da laima. Kakanta na gefe, hannu a aljihu, bai taɓa komai ba. Da rokar ta sauko sai ta ciro littafi ta rubuta nauyinta da injin da ta sa da inda iska ta kai ta. Littafin nan ya fi rokar burge ni.

Su ma ba haka suka fara ba. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a watan Oktoban 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka, suna ta haɗa sinadarai a ɗakunan ƙarƙashin gida suna ɗurawa a bututun ƙarfe. Wasu sun rasa yatsu, wasu ido. Maganin ya fito ne daga wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya ƙera ɗan injin da aka riga aka ɗura wa albarushi. Shi da G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a sansanin gwajin rokoki na White Sands, suka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa a 1957. A 1958 Vern Estes ya kafa kamfaninsa a Colorado da na'urar da ke buga injinan da yawa. Tun daga nan yaro ya daina taɓa albarushi da hannunsa, aka bar masa ƙira da awo.

Har gasa suke yi ta ɗaliban sakandare duk shekara, ƙungiyoyi 100 su hallara a jihar Bajiniya a zagayen ƙarshe. Wanda ya fi kowa nisa ba shi ke ci ba. Ana ba ku tsayin da ake so da adadin daƙiƙoƙin da rokar za ta yi a sama, ku ɗora mata ɗanyen ƙwai, ya je ya dawo bai fashe ba.

A gida kuwa, yaro mai irin wannan kai ɗayan biyu yake samu: tafi ko zargi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci, har jaridun duniya suka ɗauka. Irinsa suna nan birjik. A ɗauki hoto a sa a Facebook, a yi ta "Allah ya ƙara basira" da "ya kamata gwamnati ta duba", bayan mako guda shiru kake ji. Ba wanda ke zama da yaron ya ce mu auna, mu sake, mu ga me ya canza. A can sama ma haka abin yake. Tun 1999 muke da hukumar binciken sararin samaniya, amma tauraronmu na farko daga Plesetsk ta Rasha aka harba mana shi a 2003, na sadarwa kuma daga Xichang ta China a 2007.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: kana zaune inda ake barci da ido biyu rufe kana ba da shawara. Ba zan ce a shigo da injin albarushi Maiduguri ko Gusau ba. Ƙasar da 'yan sanda ke hana ko da wasan tartsatsin wuta lokacin bukukuwa, uban da ya ga ɗansa da bututu da waya da batir ya kwaɗa masa mari, ba zan ga laifinsa ba. Ga tsada kuma.

Amma ai akwai rokar ruwa. Gorar lemo ta roba, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya mai bawul ɗin tayar keke, sai famfon mai faci. Iskar da aka matse ta tunkuɗo ruwan ƙasa, gorar ta yi sama mita gommai. Dokar Newton ta uku ke nan da ake haddacewa don jarrabawar WAEC. Fikafikan kwali ne, hancin a ɗan ƙara masa nauyi da yumɓu, domin in nauyi ya koma baya sai ta yi ta tuntsura gudi-gudi. Tsayin da ta kai kuwa, da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi da zare da ɗan dutse ake gano shi, in an san tazarar mai awo daga wurin harbi. Fili ma ba mu rasa ba, ga na ƙwallo a kowace sakandare.

Abin da ya rage shi ne malamin kimiyya guda da zai ba da yammacin Asabar, da shugaban makarantar da zai rubuta wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda takarda tun kafin ranar, a gayyace su su zo su gani da idonsu. A kuma guji tsakiyar hunturu, don iskar za ta kai gorar gidan maƙwabta.