Motoci Birjik, Amma Tafiya Ta Gagara

Duk wanda ya ce maka rashin mota ne ke damun mutanen karkara a jihar Gombe, to bai taɓa tsayuwa a bakin titin Bajoga da hantsi ba. Ga Sharon, ga Golf, ga homa, ga a-kori-kura, ga 'yan adaidaita da 'yan acaɓa sun yi cincirindo a kowace mararraba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa kansu. Kowa cin gashin kansa yake yi, wahalar kuma a kan fasinja take ƙarewa.

A ce mace ce daga wani ƙauye can bayan Nafada, likita ya ce ta zo babban asibiti a Gombe da safe. Tun kiran assalatu za ta fito. Ɗan acaɓa ya kawo ta bakin titi, ya karɓi nasa. Ta samu mota, an ce mata "Gombe ce, Hajiya, mutum ɗaya ya rage." Ana isa Bajoga sai direba ya kashe mota, ya leƙo ta taga: "Jama'a a yi haƙuri, za a yi muku juye." Nan za ka ga ya ja wani direban gefe, suna ƙus-ƙus, yana ƙirga masa kuɗi a tafin hannu, suna ja-in-ja kan naira ɗari biyu, ita kuwa tana tsaye da goyo da ledar magani, ba wanda ya ko dube ta. An sayar da ita kenan, kamar buhun masara. Motar da aka juye ta ciki ma ba ta cika ba, sai sabon jira. Kafin a wuce Malam Sidi rana ta take, kafin ta isa asibiti an tashi daga ganin marasa lafiya. Wa za ta kai ƙara?

Wannan "mutum ɗaya ya rage" kuwa, wallahi ya isa haka. Ka leƙa mota ka ga mutum uku a zaune, ka biya, ka shiga. Da an samu fasinjan gaske sai ɗaya daga cikinsu ya yi miƙa, ya ce bari ya yi alwala, shi kenan ba za ka ƙara ganinsa ba sai a motar da ke bin layi. Yaran tasha ne aka zaunar don a ja hankalinka. Kowa ya sani, 'yan kamasho sun sani, shugabannin tasha sun sani.

Ba direba kaɗai nake ganin laifinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta zarce 1,000. Ga kuɗin lodi, ga na ƙungiya, ga abin da ake miƙawa a shingaye, ga balas ɗin mai mota da yamma. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai tashi da kujera ko ɗaya babu kowa ba, shi ya sa ake cusa biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har but. Amma abin da ke ƙona min rai shi ne ka ga motoci biyu a mararraba ɗaya, duk Gombe za su, wannan da fasinja huɗu, waccan da uku, sun kafe suna kallon juna don wannan ɗan wata ƙungiya ne, wancan ɗan wata. Da an haɗe su da tuni mota ɗaya ta kama hanya. Ba mai ikon cewa a haɗe.

Jihar nan fa ba wani girman a-zo-a-gani gare ta ba. Ƙananan hukumomi 11 ne tun da aka cire ta daga Bauchi a 1996, manyan hanyoyin kuma a tafin hannu suke: ta Kumo, Billiri da Kaltungo zuwa Cham, ta Dukku, ta Dadin Kowa, ta Bajoga, sai ta Bauchi. An yi tituna a ƙarƙashin shirin nan na kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma, ban musa ba. An gina katafariyar tasha a cikin gari, aka sa mata sunan Ibrahim Hassan Dankwambo, madalla. To amma tattara motoci a haraba ɗaya a birni bai canza komai ba ga mutumin Talasse ko na Tula da har yau bai san ƙarfe nawa motar farko take tashi ba. Motocin gwamnati kuwa idonsu na kan Abuja, Kano da Jos, inda kuɗi yake. Tsakanin ƙauye da hedikwatar ƙaramar hukuma, sai dai Allah ya kiyaye.

Wai a ce jirgin ƙasan da ya iso Gombe a 1963, ya zarce Maiduguri a 1964, yana da ranar zuwa da lokacin tashi da kowa ya sani, amma yau da waya a aljihun kowa ba a iya yi wa motar Deba haka ba.

Abin da muke nema bai kai a kira taron ƙasa ba. A zaunar da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da ciyamomi, da ma'aikatar da ke kula da sufuri. Kowace hedikwata ta samu motar safe da ta yamma mai tsayayyen lokaci, ta tashi ko ta cika ko ba ta cika ba, gwamnati ta biya kuɗin kujerun da suka rage. Ai bai kai abin da ake kashewa a ayarin motocin rakiya ba. Da an san lokacin, 'yan acaɓa da masu a-kori-kura da kansu za su riƙa kawo mutanen ƙauye su tarar da ita. A kafa allo a tasha a rubuta kuɗin kowane gari, don a daina duban rigar mutum kafin a yanka masa farashi, a daina ninkawa ranar kasuwa da jajibirin sallah. In za a yi juye, kuɗin da ka biya tun farko shi zai kai ka, motar kuma ta kasance a shirye.

Motar yamman ce ma ta fi damuna. Ɗalibin jami'ar Kashere da ya makara, da mai jinya da aka sallama bayan la'asar, da wadda ta kawo wake kasuwa ba ta sayar da wuri ba, duk a tasha magariba take riskarsu. Daga nan sai dai shata, ko ɗan acaɓa ya faɗi abin da ya ga dama ya bi da kai daji cikin duhu, ko ka nemi kwali ka shimfiɗa a barandar masallacin tasha.