Ƙarshen Windows 10 ba shi ne ƙarshen kwamfutarka ba

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, wata shawara ta zama kamar hadda a bakin masu sayar da kwamfuta da masu gyaranta, wai duk wanda na'urarsa ba ta ɗaukar Windows 11 sai ya nemi sabuwa. Na ji ta da kunnena ranar da na raka ƙanwata, wadda malamar makaranta ce, wurin wani mai gyara da kwamfutarta ta gwanjo, HP EliteBook 840 G3, wadda babu abin da ke damunta sai batir da ya fara sanyi. Ya kifa ta, ya karanta lambar da ke bayanta, ya miƙo mata yana cewa, "Malama, wannan ta gama aiki, sai dai ki sake wata." Abin ya ɓata min rai ƙwarai, domin na san albashinta, na kuma san cewa maganar ba gaskiya ba ce.

Laifin na'urar kawai shi ne ƙwaƙwalwarta ta Intel ta zubi na shida ce, alhali Windows 11 tana neman zubi na takwas zuwa sama, tare da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0. Wannan sharaɗi ya fitar da ɗimbin kwamfutocin gwanjo masu lafiya, irin waɗanda ɗalibai da malamai da masu ƙananan shagunan buga takardu suke dogara da su. Amma abin da masu wannan shawara suke ɓoyewa, ko kuma ba su sani ba, shi ne cewa ba Windows mutane suke buƙata ba. Manhajoji uku ko huɗu da suka saba aiki da su suke buƙata, kuma da yawa daga cikinsu suna iya tashi a kan Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsohuwar na'ura.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun 1993 aka fara aikin manhajar Wine, kuma sai da masu sa kai suka shafe shekara 15 kafin su fitar da cikakken zubinta na farko a 2008. Aikinta aikin tafinta ne: idan manhajar da aka rubuta domin Windows ta nemi a buɗe mata fayil ko a zana mata wani abu a fuskar kwamfuta, sai Wine ta karɓi buƙatar ta mayar da ita harshen da Linux take ji, ba tare da an ɗora Windows ko an biya kuɗin lasisinta ba. Wanda yake ganin wannan wasan yara ne ya dubi kamfanin Valve, mai harkar wasannin kwamfuta, wanda a 2018 ya gina manhajar Proton a kan Wine, sannan a 2022 ya fitar da na'urar Steam Deck, wadda ke tafiya da Linux amma take ɗaukar dubban wasannin da aka yi domin Windows. Wasannin kwamfuta kuwa suna cikin manhajojin da suka fi wahalar da na'ura. Shi kansa Microsoft tun 2016 ya buɗe ƙofar gudanar da Linux a cikin Windows, saboda haka babu wanda zai ce haɗa tsarin biyu baƙon abu ne.

Masu cewa a tsallake sharaɗin a cusa Windows 11 da ƙarfi suna sayar wa mutane gaibu ne, tunda kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan na'urori ba, ƙarin wa'adin gyare-gyaren tsaro da ya bai wa masu Windows 10 da suka yi rajista kuwa jinkiri ne kawai.

Tafintan, wato Wine, yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa wa mutum kafin a taɓa masa kwamfuta. Sababbin zubin Photoshop da CorelDRAW da Microsoft Office ba sa zama lafiya a kan Wine, kuma ba ta ɗaukar manhajar da ke haɗa firinta da Windows, sai an nemi ta Linux. Mai zana katin biki da CorelDRAW zai iya ajiye tsohuwar Windows ɗinsa a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba da damar kunna Windows a cikin Linux, ya raba ta da intanet, muddin na'urar tana da wadataccen ƙarfi. Shafin intanet na Wine, wato WineHQ, ma yana da jerin manhajoji da matsayin kowacce, daga mai aiki sarai zuwa wadda ba ta tashi ko kaɗan, kuma duba shi bai fi minti biyar ba.

A daren ranar muka ɗora wani nau'in Linux mai suna Linux Mint a kwamfutar ƙanwata bayan mun kwashe fayilolinta a filas. LibreOffice, takwarar Microsoft Office, ta buɗe takardun jarrabawarta, ƙaramar manhajar da take lissafa makin ɗalibai da ita kuma ta tashi ta hanyar Wine a gwaji na biyu. Wannan ne aikin da ya kamata masu gyara su koya su riƙa karɓar kuɗinsa, kuma ƙungiyoyinsu da makarantun koyar da kwamfuta su ne ya dace su fara koyar da shi. Abin da ta kashe a kan na'urar da aka ce ta gama aiki shi ne kuɗin sabon batir.