An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nasiha Ga Matasan Gareji

Jiya a wani gareji a Tudun Wada, Kaduna, na ga abin da ya ɓata min rai. An turo motar wani dattijo ɗan fansho, ya ce in ta kwana uku ba a tayar ba, sai ta ƙi tashi. Yaron da ya tarbe shi ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci: "Baba, batir ne, ya mutu." Dattijon ya ce ai sabo ne. Yaro ya ce to jabu aka sayar masa, ya je kasuwar Panteka ya sake wani.

Ƙannena, wannan canki-cankar ta ishe mu. Wa ya ce muku duk motar da ta ƙi tashi laifin batir ne? Ga mita, na'urar awon wuta, nan a rataye ƙura ta rufe ta, kuna ta shaci-faɗi da kuɗin bayin Allah.

Motar da aka kashe aka kulle ba ta daina shan wuta ɗungurungum, domin agogo da kwamfutarta da na'urar makulli suna lasa kaɗan-kaɗan. Abin da aka saba gani miliam 20 zuwa 50 ne (am shi ne ma'aunin wutar da ake ja, miliam dubu ke yin am ɗaya). Ko 50 ɗin ne, a yini da kwana bai wuce am 1.2 ba, lafiyayyen batir mai am 60 zai yi makonni yana ɗauka. Amma ƙwan fitilar but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan miliam 400, kwana kaɗan ya tsotse batir. Haka rediyon da aka jona kai-tsaye, da na'urar bin sawun mota da aka ɗaura da ganganci, da altanetar, mai cajin batir, da diyod ɗinta mai hana wuta komawa baya ya ƙone. Ka sa sabon batir a irin wannan mota, ɓarawon wutar yana nan yana jira. Don kama shi, ka cire wayar kan negatif na batir, ka sa mita tsakanin wayar da kan batirin, ka jira kwamfuta ta yi barci ko da rabin awa ne, sannan ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗo. Haƙurin wannan jiran ne ba ku da shi, amma kuna iya awa biyu a kan benci kuna kallon TikTok, mai mota na tsaye a rana.

Ita ma motar tana faɗin ciwonta ga mai kunne. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu na dishewa, wuta ce ta yi ƙasa, ko kan batir ya yi farin gishirin nan. In ƙas ɗaya ce fitilu na nan tar, nemi kikstata, mai murza inji ya tashi, da wayoyinta. In inji na juyawa garau bai kama ba, me ya haɗa ka da batir? Cikakken batir a huce bolt 12.6 (ma'aunin ƙarfin wuta) yake nunawa a mita, wurin tayarwa kada ya sauka ƙasa da 9.6, inji na aiki kuma a ga wajen 14. Awon nan bai kai minti biyar ba, amma sai canke. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda ya ƙi tambaya kuwa ya fi shi ɓata.

Har yanzu ina ganin masu zare kan batir inji na aiki, wai gwajin caji suke, a motocin zamanin nan masu kwamfuta! In kwamfutar ta ƙone, sai a ce wa mai mota ƙaddara ce. Ku ji tsoron Allah.

Da can a Kakuri da Kawo, yaro sai ya shekara yana wanke sufana kafin oga ya bari ya taɓa waya. Tsofaffin masu riwaya, da ɗan ƙwan gwaji kawai a hannu, ba sa cewa a sayo komai sai sun nuna maka inda wutar ke zurarewa, kuma kunya suke ji mota ta dawo musu da ciwon jiya. Yanzu yaro wata shida ya ce a yaye shi, ya kafa rumfa a bakin titi, ko karanta mita bai iya ba, kuma in ka yi masa gyara ya ce kana masa hassada.