Nicodemus Tessin Ƙarami: abin da nake kare shi a kai, da abin da ba zan iya ba

Tun da na fara karanta tarihin fadar sarautar Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin, zarge-zarge biyu da ake yi wa maginin da ya tsara ta, Nicodemus Tessin Ƙarami, suke damuna. Wasu suna cewa bai ƙago komai ba, fasalin gine-ginen birnin Rum kawai ya kwaso ya dasa a ƙasar sanyi. Wasu kuma sukan zarce nan, su yi raɗe-raɗin cewa da hannunsa a gobarar da ta cinye tsohuwar fadar, saboda saurin da ya yi wajen gabatar da zanen sabuwa. Ban yarda da ko ɗaya ba, ko da yake akwai wani laifi na daban da nake ganin ya fi cancanta a tuhume shi da shi.

An haife shi a garin Nyköping a shekarar 1654, kuma gini gado ne a wurinsa, domin mahaifinsa, Nicodemus Tessin Babba, shi ne sarkin maginan masarauta, wanda ya fara gina fadar Drottningholm a 1662. Amma gadon bai sa ya miƙe ƙafa ba. A 1673, yana ɗan shekara 19, ya tafi Rum ya yi karatu a hannun magini Carlo Fontana, ya kuma samu kusantar shahararren magini kuma masassaƙi Bernini ta hanyar Sarauniya Kristina, wadda ta ajiye sarautar Suwidin ta koma can da zama. Daga baya ya je Faransa ya nazarci lambunan André Le Nôtre, mai tsara lambunan sarkin Faransa. Duk inda ya shiga sai ya auna, ya zana, ya rubuta, ya kuma sayi zane-zanen wasu ya adana. Da mahaifinsa ya rasu a 1681 aka ba shi muƙaminsa, ya ci gaba da aikin Drottningholm har da lambunta.

A 1692 Sarki Karl na 11 ya sa shi sake gina ɓangaren arewa na tsohuwar fadar da ake kira Tre Kronor, wato kambi uku. Ke nan lokacin da wuta ta tashi, ranar 7 ga Mayu 1697, ya riga ya shafe shekara biyar yana aiki a harabar, ya san kowace kusurwa tata, kuma ya daɗe yana tunanin yadda za a daidaita sauran ginin da sabon ɓangaren. Gobarar ta zo a mummunan lokaci, domin kimanin wata guda ke nan da rasuwar sarkin, gawarsa ma tana cikin fadar sai da aka fitar da ita da gaggawa, kuma an yi asarar littattafai da takardun tarihin ƙasa masu ɗimbin yawa. Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan masu gadin wuta da suka bar wuraren aikinsu. Ɓangaren arewa ya tsira, shi ne kuma ya zama ma'aunin sauran. Saboda haka idan aka ce cikin mako shida aka amince da zanensa, ni abin da nake gani shi ne shirin shekara ashirin da ɗoriya, domin da ma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Batun kwaikwayo kuwa, a zamaninsa duk maginin da ya amsa sunansa a Turai daga Rum yake ɗiba, abin dubawa shi ne yadda ya sarrafa abin da ya ɗebo. Tessin ya rage yawan ado, ya tsara ɓangarori huɗu kewaye da tsakar gida, ya ɓoye rufin a bayan gajeriyar katanga, ya kuma ba kowace fuska halinta: ta arewa shiru take tana kallon ruwa, ta kudu kuwa an yi mata ƙofa mai kama da ta bikin nasara. Wanda yake shakkar basirarsa ya dubi gidansa na kansa, wanda ya gina daura da fadar daga 1694. Filin ƙarami ne kuma a karkace, amma ya tsara bangon lambun yana tsukewa a hankali ta yadda mai tsayuwa a bakin ƙofa zai ga kamar wurin ya ninka tsawonsa na gaskiya. Babu littafin da zai koya wa mutum yadda zai yi da wannan fili, sai ido da lissafi. A gidan ne gwamnan yankin Stockholm yake zaune a yau.

Inda ba zan iya kare shi ba shi ne yadda ya kawar da kai daga halin da talakawa suke ciki. An tsara fadar ne a daidai lokacin yunwar 1695 zuwa 1697, wadda ta yi ta'adi a Finland da Estoniya da ke ƙarƙashin Suwidin. A 1700 babban yaƙin arewa ya ɓarke, kuma bayan Rasha ta karya rundunar Sarki Karl na 12 a Poltava a 1709, kuɗi ya ƙare, aikin ya tsaya. Annoba ta shiga Stockholm a 1710 ta kashe dubban mutane. Duk da haka, Tessin ya ci gaba da aika wa sarkin, wanda yake zaman hijira a Bender cikin daular Usmaniyya ta Turkiyya, zane-zanen manyan filaye da katafaren cocin da za a riƙa binne sarakuna. Ya yi imani da cewa darajar ƙasa tana cikin girman ginin sarkinta, kuma wannan imani ya kai shi majalisar sarki da manyan sarautu, amma ina ganin ya rufe masa ido daga garin da yake son ƙawatawa.

Sai a 1727 majalisar ƙasa ta ware kuɗin ci gaba da aikin, shi kuma ya rasu ranar 10 ga Afrilu 1728, yana da shekara 73, ginin da ya yi zaton zai kammala cikin 'yan shekaru bai kai ko'ina ba. Ɗansa Carl Gustaf Tessin ya gaji muƙamin, amma magini Carl Hårleman ne ya riƙe aikin a zahiri. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne sun sauya adon ɗakuna zuwa salon zamaninsu, amma sun bar fasalin waje yadda marigayin ya zana, kuma hakan ya yiwu ne saboda zane-zanen da ya bari cikakku ne. Hårleman ma ya rasu a 1753. A shekarar da ta biyo baya ne Sarki Adolf Fredrik da iyalinsa suka tare a fadar mai ɗakuna sama da 600, bayan gidan sarautar ya shafe shekara 57 yana zaune a gidan Wrangel da ke tsibirin Riddarholmen.