Ana yi wa teku katanga, ƙasa kuwa tana nutsewa

Tun ranar da Shugaban Indunusiya Prabowo Subianto ya tsaya a watan Yunin 2025 ya ce gwamnatinsa za ta gina katangar teku mai tsawon kusan kilomita 500, daga Banten har Gresik a arewacin tsibirin Java, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 80, maganar take ci mini rai. Shi da bakinsa ya ce aikin zai ɗauki shekara 15 zuwa 20. Abin da ya dame ni shi ne, wannan ita ce amsar da hukumomi ke bayarwa ko'ina idan ruwa ya shiga gidajen mutanen gaɓa: a kawo siminti, a kira ɗan kwangila, a jera duwatsu. Su kuwa waɗanda ruwan ke kwana a ɗakinsu, sai an gama zane ake tunawa da su, galibi ranar da za a ce su kwashe kayansu.

Babu mai hankalin da zai musa cewa teku na cikowa. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2021 ya nuna tsayin ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 yana hawa da milimita 3.7 a shekara, saboda ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan duwatsu tana narkewa, shi kuma ruwa in ya yi ɗumi kumbura yake yi. To, a ajiye wannan lissafi kusa da na Jakarta, birni mafi girma a Indunusiya, wanda ke kan wannan gaɓa ta arewacin Java. Akwai unguwannin arewacin birnin da aka auna suna lotsawa da santimita 10, wasu har 25, a shekara guda. Abin da teku ya shafe fiye da ƙarni yana hawa, ƙasar can tana sauka kwatankwacinsa cikin shekara ɗaya ko biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan famfo bai kai ga miliyoyin mazauna birnin ba, sai gidaje da otal-otal da masana'antu da dogayen benaye kowa ya haƙa rijiyar burtsatse yana zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, lakar da birnin ke zaune a kanta kuma tana matsewa. Yau kusan kashi 40 cikin ɗari na Jakarta yana ƙasa da tsayin teku. A unguwar Muara Baru akwai masallacin da a dā ake salla a cikinsa, yanzu yana tsaye cikin ruwa a bayan katangar da aka riga aka gina, ita ma katangar an sha ƙara mata tsawo don tare take nutsewa da ƙasar da aka ɗora ta a kai. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ba a rasa wanda za a koya a wurinsa ba. Tokiyo ta shiga irin wannan hali, har wani yankin gabashinta ya lotsa da fiye da mita 4. Japan ta kafa dokokin taƙaita zuƙo ruwan ƙasa a 1956 da 1962, ta samar wa masana'antu wani ruwan daban, zuwa shekarun 1970 lotsawar ta kusan tsayawa cak. Aiki ne na bututu da mitar ruwa da tara, kuma sai an yi faɗa da masu otal da masu masana'anta kafin a yi shi. Nan gizo ke saƙa. Katanga ana yanke mata kyalle ranar buɗewa, ana ɗaukar hoto a kanta, kwangilarta tana da kauri, sannan filin da aka cike a bayanta ana sayar da shi da tsada. Rufe rijiyar wani attajiri kuwa ba ya kawo wa ɗan siyasa komai sai abokin gaba.

Wanda ke ganin zargin ya yi yawa ya dubi Legas. An yi wa Eko Atlantic katanga mai tsawon kusan kilomita 8 da rabi, aka cike teku da yashi aka fitar da sabon birni na masu hali, yayin da mazauna ƙauyukan da ke gabas da shi, irin su Okun Alfa, suka daɗe suna kukan cewa zaizayar ta dawo kansu. Mazauna Otodo Gbame, ƙauyen masunta a Legas, su fiye da 30,000 a ƙididdigar ƙungiyar Amnesty, an rushe musu gidaje tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, kuma hukuncin da babbar kotun jihar ta yanke daga baya cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki bai mayar da su gida ba. Can a Jihar Ondo, garin Ayetoro da aka kafa a 1947, hukumar raya yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare masa gaɓa a 2004, ta sake bayarwa a 2009, har yau teku na cin gidaje da makarantu. Katanga tana zuwa inda fili ke da tsada. Inda talaka yake, ko dai alkawarinta ya zo, ko ruwan da ta kora.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake magana kamar mutanen gaɓa zaune suke hannu a kumatu suna jiran injiniya. Tarihin Bangaladash ya ƙaryata haka. A shekarun 1960 da 1970 an zagaye filayen kudancin ƙasar da ganuwar ƙasa don hana ruwan gishiri shiga gonaki. Da fari shinkafa ta yi kyau, kowa ya yi murna. Amma lakar da cikar teku ke shimfiɗawa a kan gonaki tana ɗaga su, da aka tare mata hanya sai ta kwanta a cikin koguna. Gindin kogi ya yi ta hawa, gona ta yi ta sauka, har ya zamana ruwan sama in ya zuba a cikin ganuwa ba shi da mafita, ya kwanta wata da watanni. A 1990 manoman Beel Dakatia, kusa da birnin Khulna, suka ɗauki fartanya da shebur suka fasa ganuwar da hannunsu, hukuma na hanawa. A 1997 na Beel Bhaina suka yi haka, ruwa ya rinƙa shiga da laka yana fita, cikin 'yan shekaru ƙasa ta ɗaga, kogin ya sake zurfi. Daga baya gwamnati ta karɓi dabarar ta sa mata suna a takardunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗannan manoma sun riga masu digiri gane cewa katangar ce ke nutsar da su.

A wannan ƙasa dai, guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayan shekara biyu aka kafa shirin 'yan sa-kai tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, mutanen ƙauye su fiye da 70,000 a yau, maza da mata, masu bin gida gida da lasifika suna kai jama'a mafaka. Lokacin guguwar Amphan a 2020 an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a Bangaladash ba su kai 30 ba. Ginin mafakar da siminti aka yi shi, ban musa ba, amma ƙarami ne, yana tsakiyar ƙauye, yawanci makaranta ce a sauran ranaku, kuma wanda ke kiran mutane su shiga maƙwabcinsu ne da suka yarda da maganarsa.

Sai a kwatanta da birnin Saint-Louis na Sanagal, inda a Oktoban 2003 hukumomi suka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a cikin tsirin yashin da ya raba Kogin Sanagal da teku, don ruwan ambaliya ya fita. Gyaran gangar Auzinawa ya zama. Yankan ya yi ta buɗewa har ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dièye ya tafi, kwalekwalen masunta suka yi ta kifewa a sabuwar mashigar. Iyalan da teku ya rushe wa gidaje kuma aka kai su nesa da gaɓa, inda masunci sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga kwalekwalensa.

Za a ce mini ai Holan da katanga ta tsira. Holan ɗin da bayan ambaliyar 1993 da 1995 ta koma tana ja da ganuwa baya tana bar wa koguna fili, kuma tana da kuɗin gyara na har abada, ba ita ce hujjar gwamnatin da ta kasa kai famfo unguwa ba. Masu cewa kawai kowa ya tashi daga bakin teku kuwa ba su taɓa tambayar masunci abin da zai ci a kan tudu ba.

Ƙaura ma tana da yadda ake yinta. Mutanen Vunidogoloa a Fiji su suka nemi a taimake su su tashi, suka zaɓi wuri a cikin ƙasarsu ta gado kimanin kilomita 2 daga gaɓa, suka ba da katako daga dajinsu, suka koma a 2014. Ko a nan an yi kuskure, domin an gina gidajen babu ɗakin girki, abin da da an zauna da matan ƙauyen tun farko ba zai faru ba. A ƙauyen Timbulsloko kuwa, a gundumar Demak ta Indunusiya, a kan gaɓar da Prabowo zai yi wa katanga, mutane sun yi shekaru suna ɗaga daɓen ɗakunansu har kai na neman taɓa rufi, sun tara ƙasa sun ɗaga maƙabartarsu don kada ruwa ya kwanta a kan iyayensu. Sun kafa shingen gora da kirare a bakin ruwa yana tare laka, don itatuwan mangurob, masu tsirowa cikin ruwan gishiri suna karya ƙarfin igiya, su dawo inda aka sare su saboda tafkunan kiwon kifi. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne ƙasar tana ci gaba da lotsawa, kuma masana suna danganta hakan da zuƙar ruwan da ake yi a yankin masana'antu na birnin Semarang da ke kusa da su, da kewayensa. Talaka na ɗaura gora, mai masana'anta na janye masa ƙasa daga ƙarƙashi, gwamnati kuma ta ce laifin teku ne. Wannan zalunci ne.

Ban ce kada a gina katanga ko'ina ba. Tashar jiragen ruwa da tsakiyar babban birni suna buƙatarta. Amma kafin a zuba buhun siminti na farko a gaɓar Java, a kai ruwan famfo, a rufe rijiyoyin manyan gine-gine, a ware wani kaso na dala biliyan 80 ɗin ya tafi kai tsaye hannun ƙauyukan da suka riga suka fara aikin da kuɗin aljihunsu. Kuma duk wanda za a tayar, a zauna da shi tukuna, shi da matarsa, a tambaye su inda suke so su koma.