Ɗalibin kasuwanci, kada ka shiga Sifaniyanci ta ƙofar Faransanci kaɗai

A makarantun koyon kasuwanci na nan Faransa, bayan Ingilishi sai ɗalibi ya ɗauki wani harshen, kuma da yawa cikin yaranmu na Maraɗi, Damagaram, Garwa da Njamena Sifaniyanci suke zaɓa. Sun yi dabara, don ƙasashe 20 ne ke aikin hukuma da shi, har da Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Kamaru. Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyonsa, kamar dai Faransanci ne aka liƙa wa "o" da "a" a wutsiya. Hakan yana kai mutum matakin A2, na biyu cikin matakan iya harshe da ake jerawa A1, A2, B1, B2 zuwa sama. Da an shiga B1 da B2, inda za a rubuta wasiƙar ciniki ko a ja farashi, sai Faransancin ya koma tarko.

Dubi kalmomin da suka yi kama amma ba uwarsu ɗaya ba. "Demander" roƙo ne ko tambaya, amma "demandar" a bakin ɗan kasuwa maka mutum kotu ne. In kana neman rangwame "pedir" za ka ce. "Subir" a Faransanci shan wahala ne, a Sifaniyanci hawa ne: "los precios suben", kaya sun yi tsada. "Nombre" suna ne, ba adadi ba. Gasa tsakanin kamfanoni "competencia" ce, ba "concurrencia" ba. Wadda ta fi ɓarna ita ce "por lo tanto". Kunnen mai Faransanci yana jin "pourtant", wato "amma duk da haka", alhali ma'anarta "saboda haka". Kalma ɗaya ta juya maka hujjar sakin layi gaba ɗaya.

A nahawu wurare uku ne maki ke zubewa. Bafaranshe yana ba da labarin jiya da "j'ai signé", sai ɗalibi ya kwaikwaya ya ce "ayer he firmado", alhali daidaitaccen salo "ayer firmé" ne. Na biyu, bayan "cuando" in ana maganar gaba, ba a sa aikatau na nan gaba yadda Faransanci ke yi: "cuando reciba la factura, pagaré", in takardar kuɗi ta iso zan biya. Wanda ya rubuta "cuando recibiré" ya tona asirin inda ya fito. Na uku shi ne "ser" da "estar", kuma a nan ne nake cewa a ajiye Faransanci a ɗauko Hausa. Faransanci "être" ɗaya gare shi, mu kuwa tun muna goye muke bambanta "Audu ɗan kasuwa ne" da "Audu yana kasuwa". Inda za ka sa "ne" ko "ce", "ser" ne. Inda za ka ce "yana" wuri kaza ko hali kaza, "estar" ne. Ma'aunin ba ya cika ko'ina. Wurin taro, misali, "ser" yake ɗauka: "la reunión es en la sala 3". Amma ya fi haddace jerin dokoki goma.

Wajen furuci ma Bahaushe ya riga abokan karatunsa Faransawa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, irin namu, babu na hanci. Harafin "r" da bakin harshe ake kaɗa shi, ba da maƙogwaro ba, don haka bambanta "caro", mai tsada, da "carro", mota a Meziko da Kolombiya, ba zai ba ka wuya ba muddin ka daina aron "r" ɗin Paris. "J" kuwa "kha" ce ta makarantar allo. Rauninmu ɗaya ne, "p" da "f". Wanda bai kula ba zai mai da "favor", alfarma, ya zama "pavor", firgici. Minti biyar kullum kana maimaita "precio, factura, pago, fecha, plazo, firma", kana naɗar muryarka a waya kana saurare, ya isa ya gyara shi.

Akwai kuma gadon Larabci, tunda Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar Sifaniya daga 711 zuwa 1492, kuma kalmomin ciniki sun sha daga can: "aduana" kwastan, "almacén" sito, "alquiler" kuɗin haya, "azúcar" sukari. "Alcalde" da alƙalinmu tushensu ɗaya, sai dai a can magajin gari ake nufi.

Batun al'ada shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a koyar da rawa da abinci a wuce. Ɗan kasuwa abin da yake buƙata shi ne sanin yadda ake kiran mutum. A ofisoshin Madrid da Barcelona ana saurin komawa "tú", wato "kai" na sabo, fiye da yadda Bafaranshe ke sakin "vous" na girmamawa. A Kolombiya riƙe "usted", kiran girmamawa, har sai an ce ka sauke. A Ajantina "vos" za ka ji a madadin "tú", "vosotros" kuma, wato "ku" na sabo, a Sifaniya za ka ji shi, ba a Latin Amurka ba. A Meziko kiran mutum "licenciado", mai digiri, ko "ingeniero", injiniya, yana da nauyin da Alhaji ko Malam ke da shi a wurinmu, kuma mu da muka saba doguwar gaisuwa kafin a taɓo maganar kuɗi mun fi kowa dacewa da wannan. Sunan iyali biyu ne, yawanci na uba sannan na uwa, kuma da na farkon ake kira. Kada ka ɗauki na ƙarshe yadda ake yi a Faransa. Abincin rana a Sifaniya sai wajen ƙarfe 2, kuma hirar da ake yi bayan an ɗauke kwanuka, "sobremesa", a nan ake ƙulla amana. Tun kafin a kawo abinci ka ce "no como cerdo ni bebo alcohol", don naman alade yana shiga girki da yawa. Kalmar "coger" da ake ɗaukar taksi da ita a Madrid batsa ce a Meziko da Ajantina; "tomar" ba ta da matsala a ko'ina. Hatta lissafi ya bambanta: harajin IVA, wato VAT da ake ɗorawa kan kaya, kashi 21 ne cikin ɗari a Sifaniya, 16 a Meziko, kuma Meziko ɗigo take sawa inda Sifaniya ke sa waƙafi.

Shi ya sa nake ganin a B1 ɗalibi ya tsai da ƙasa ɗaya, wadda yake son zuwa aikin gwaji, ya riƙa sauraron rediyonta da karanta shafin tattalin arzikin jaridarta, kamar El País ko Expansión ga mai nufin Sifaniya.

Takardar shaida kuwa, DELE ta Cibiyar Cervantes ba ta tsufa, ita kuma SIELE shekara 5 take aiki. A DELE B2 an haɗa karatu da rubutu rukuni ɗaya, sauraro da magana rukuni ɗaya, kuma sai ka sami 30 cikin 50 a kowanne. Mai Faransanci yana karatu cikin sauƙi, sai ya ɗauka ya iya, rukuni na biyu ya kayar da shi. Don haka rabin lokacin shirinka ya tafi ga kunne da baki, da abokin hira aƙalla sau biyu a mako.